DAGA BISA TUDUN JOS: Zinariya Na Gaba, Likita Na Biye

Duk wanda ya zauna garin Jos, ko da na wata guda ne, ya san cewa rami ne ya haifi garin. Da Allah bai binne kuza a ƙarƙashin wannan tudu ba, da babu Bukur yadda muka san ta, babu Barikin Ladi, babu Bisichi, kuma da jirgin ƙasa bai wahalar da kansa ya hau duwatsu ba. Saboda haka mu mutanen nan ba mu da hujjar da za mu toshe kunne idan ana maganar masu haƙa, ko da a wace jiha suke. A wannan mako filin namu zai duba wani al'amari da ya daɗe yana maimaita kansa a duniya, watau yadda duk lokacin da aka ce zinariya ta fito a wani wuri jama'a kan kwasa a guje, likita kuwa sai daga baya ya biyo sawu, ya tarar an riga an cika maƙabarta.

Bari mu fara da nesa kafin mu dawo gida. A ranar 24 ga watan Janairu na shekarar 1848 wani kafinta mai suna James Marshall yana aikin gina injin tsaga katako a bakin wani kogi a Kalifoniya, can ƙarshen yammacin Amurka, sai ya ga wani abu yana walƙiya cikin ruwa. Kafin shekara ta kewayo labari ya game duniya. Manomi ya bar gona, ma'aikacin jirgin ruwa ya bar jirgi a tasha, malamin makaranta ya bar allo. An ƙiyasta mutanen da suka kwarara can cikin 'yan shekaru sun kai wajen 300,000, kuma garin San Faransisko, wanda bai fi mutum 1,000 ba a 1848, ya kai wajen 25,000 a 1850. Waɗansu sun bi ta teku, amma da yawa ta ƙasa suka bi, suka tashi daga bakin kogin Misuri da kekunan shanu, suka ratsa daji da hamada da duwatsu na kimanin mil 2,000, tafiyar da kan ci wata huɗu zuwa shida.

Cikin waɗannan ayarori akwai likitoci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dokta Israel Lord, mutumin jihar Ilinoyi, wanda ya bi hanyar a 1849, ya kuma riƙa rubuta abin da ya gani a littafinsa na kullum har zuwa 1851. Shi da ire-irensa sun bar mana labarin da masu zinariya ba su cika son bayarwa ba. Abin da ya fi kashe matafiya a wannan hanya shi ne kwalara. Ayari bayan ayari kan sauka zango ɗaya a gefen kogin Filat, a yi bayan gida a nan, a ɗebi ruwan sha a nan, a binne mamaci kusa da nan, kashegari wani ayarin ya iso ya sha daga wannan ruwa. Mutum kan tashi lafiya lau da safe, kafin dare an yi masa sutura. Matafiya da yawa sun mai da ƙirga kaburburan gefen hanya aikinsu na kullum. Likitan da ke cikin ayari kuwa hannunsa a ɗaure yake, domin a lokacin ba a tabbatar ta ruwa cutar ke yaɗuwa ba. Sai a 1854 ne Dokta John Snow ya nuna haka a birnin Landan. Waɗanda suka isa ramukan kuma suka tarar da wata cutar ta rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, wadda kan kumbura dasashi ta zubar da haƙora, tun da abincinsu bai wuce gari da naman gishiri ba. 'Yan asalin ƙasar su ne suka fi kowa shan wuya: daga wajen 150,000 kafin zinariya, yawansu ya faɗo zuwa wajen 30,000 a 1870, saboda cututtuka da yunwa da kisan gilla. Har ila yau zaibar da aka yi amfani da ita wajen kama zinariya tana nan kwance cikin lakar kogunan Kalifoniya.

To, mai karatu, ka riƙe abu uku daga wannan labari: ruwan da jama'a ke sha, abincin da suke ci, da gubar da aikin ke bari a baya. Za ka sake gamuwa da su a bakin ƙofarka.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai sun san kuza, suna narka ta su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwar Kano da wasu wurare. Ganin wannan kuza a kasuwa ne ya sa kamfanin Neja ya aiko mutanensa su nemi tushenta. George Nicolaus ya iso gefen tudun nan a 1902, sa'an nan Kanar Laws ya biyo a 1903, ya sauka Tilden Fulani, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Birom da sauran ƙabilun tudu ba su karɓi baƙin da tafi ba, sai da aka yi ta aiko sojoji da bindiga mai ruwa kafin aka buɗe ƙasarsu ga masu haƙa. Zuwa 1910 kasuwar hannun jari ta Landan ta haukace a kan kuzar Nijeriya ta Arewa, kamfanoni suka yi ta ɓullowa kamar naman kaza bayan ruwa. Leburori kuwa suka taho daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da Zazzau, da ƙafa, kowa da ɗan ƙunshinsa. A farkon lamari a ka ake ɗaukar kuzar zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kimanin mil 200, har aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya wadda ta iso Bukur a 1914. Babbar hanyar jirgi ta Kafanchan sai a 1927 ta iso Jos.

Ina likita cikin wannan hidima? Ma'aikatar lafiya ta 'yan mulkin mallaka tun asali an kafa ta ne domin Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati. Lebura mai ɗaukar kwanon ƙasa ba shi ne aka yi ta dominsa ba. Asibitin mishan na Vom, wanda Dokta Barnden ya fara a farkon shekarun 1920, ya zo ne bayan wajen shekara ashirin da saukar masu neman kuza na farko. Kafin nan mutumin da ya baro zafin Sakkwato ya hau tudun da tsayinsa ya kai ƙafa 4,000, ya kwana cikin bukkar ciyawa da hunturu, in ciwon haƙarƙari ya kama shi, Allah kaɗai ne gatansa.

Yanzu mu zo ga tafiyar yamma, wadda ita ce ta fi kama da ta mutanen Amurka. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929 farashin kuza ya faɗi warwas, kuma a 1931 ƙasashen da ke haƙo ta suka yi yarjejeniya kowa ya rage abin da yake fitarwa. Kamfanoni suka rufe ramuka, suka sallami dubban leburori. A daidai wannan lokaci zinariya ta yi tsada: Ingila ta daina ɗaure kuɗinta da zinariya a watan Satumba na 1931, Amurka kuma a 1934 ta ɗaga farashin oza guda daga dala 20 da 'yan kai zuwa dala 35. Abin nema ya samu. Turawan da kuza ta yasar, da leburorin da suka ƙware wajen wanke ƙasa da ƙwarya, suka gangara daga tudu suka nufi yamma, zuwa ƙasar Minna da Birnin Gwari da Kwantagora da Yawuri da Zamfara, inda zinariya ke kwance cikin yashin rafuka. Hannun da ya iya tace kuza ba ya bukatar a koya masa tace zinariya, domin dabarar guda ce: mai nauyi ya zauna ƙasan ƙwarya, maras nauyi ruwa ya tafi da shi.

Sai dai kuma bakin rafi mai duhuwar itatuwa shi ne gidan ƙudan tsando, kuma ƙudan tsando shi ke ɗauko ciwon barci daga jinin wani ya kai jinin wani. Mai wankin zinariya yini yake yi tsaye cikin ruwa, bayansa a buɗe, ƙuda na cizo. In ya tara ɗan abin da ya tara ya koma garinsu, ko ya sake sansani, sai ya tafi da cutar cikin jininsa ya kai wa ƙudajen wani rafin. Shekarun 1930 su ne lokacin da ciwon barci ya fi yin ɓarna a Nijeriya ta Arewa, kuma yawon masu haƙa, na zinariya da na kuzar gangaren tudu ta kudu, yana cikin abin da ya hura wutar. A nan ne aka ga likita ya ɗaura takalmi ya bi sawu. Ma'aikatar yaƙi da ciwon barci a ƙarƙashin Dokta Lester ta tsara ƙungiyoyi masu yawo gari-gari, likita guda da malaman asibiti 'yan ƙasa da aka horar. Su jera jama'a, su shafa wuyan kowa su ji ko akwai kaluluwa, in an samu a tsotsi ruwanta da allura a duba da madubin likita, wanda aka ga ƙwayar cutar a jikinsa a yi masa jerin allurai. An duba miliyoyin mutane cikin shekara goma, an kuma yi wa dubban ɗaruruwa magani. Aka yi dokar ciwon barci a 1937, aka wajabta duba leburorin ma'adinai a wuraren da cutar ta yi ƙamari, bayan yaƙi kuma aka shiga yi musu allurar riga-kafi lokaci-lokaci. A ƙasar Anchau ta Zazzau har sabon gari aka gina aka sa masa suna Takalafiya. Ba mu ce an yi wannan duka don ƙaunar talaka ba, gwamnati na tsoron rasa masu biyan haraji da masu aiki. Amma dai aikin ya nuna abu guda wanda ya kamata mu riƙe: cutar da ke bin masu haƙa ba ta jin magani sai likita ya je inda suke.

Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi sai ayarin ya juyo gabas. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da ta fi kowace fitar da kuza a lokacin, saboda haka ido ya dawo kan tudun Jos. Haƙar zinariya ta ja baya, aka kuma ɗora wa En'e-En'e nauyin kawo mutane aikin tilas, abin da tsofaffinmu ke kira ɗiban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso talakawa wajen 100,000 daga lardunan Arewa, kowane rukuni ya yi 'yan watanni a sake wani. Abinci bai wadata ba, masauki ba na kirki ba, ga sanyi, ga ruwan sama. Da yawa suka gudu, da yawa suka mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti, har maganar ta kai majalisar dokokin Ingila. An fitar da kuza fiye da tan 17,000 a 1943, kuma shi ke nan adadin da littattafan kamfani suka fi tunawa. Iyalan da aka ɗebi 'ya'yansu ba su dawo ba, su wani lissafin suke da shi.

Mai karatu zai ce ai wannan zamanin Turawa ne, ya wuce. To, bari mu bi hanyar da likita zai bi yau in ya tashi daga Jos ya nufi yamma. Zai gangara ta Saminaka da Pambeguwa ya shiga Zariya, ya wuce Funtuwa da Tsafe ya kai Gusau, daga nan ya karkata zuwa Anka, tafiyar fiye da mil 300, wadda mota ke yi yini guda. Daga Anka kwalta kan ƙare, sai hanyar burji da rafuka, har ya isa ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega, ko kuwa 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Waɗannan sunaye a 2010 suka shiga bakin duniya.

Abin da ya faru shi ne, zinariyar da ba ta kai dala 300 kowace oza ba a 2001 ta haye dala 1,000 a 2009. Manoman da ke rufe shekara da ƙyar suka ga cewa dutsen da ke bayan garinsu ya fi gero kawo kuɗi, kuma ba wanda zai zarge su a kan haka. Suka shiga fasa dutse suna kawowa gida cikin buhuna, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida, mata na aiki yara na rarrafe a gefe. Abin da ba su sani ba shi ne jijiyar dutsen da suka faɗa a kai cike take da dalma. Ƙurar ta sauka kan tabarma da tukunya da hatsin da aka baza, ta shiga rijiya da kududdufi. Yaro ƙarami kuwa komai ya taɓa baki yake kai wa, kuma hanjinsa na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. In ta yi yawa cikin jini sai ta hau ƙwaƙwalwa: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, mutuwa.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake yi wa laƙabi da Na-gari Na-kowa, suna zagayen sa ido kan sanƙarau, suka sami labarin yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a waɗansu ƙauyuka. Alamun sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sun kuma yi kama da sanƙarau, amma an ba da maganin duka biyu yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka lura da injinan niƙa da ƙurar da ke tashi cikin gidaje, aka aika da jini waje aka auna, sa'an nan gaskiya ta fito. Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu, tare da masanan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda suka rage aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari dalmar jikinsu ta kai matsayin da ake bukatar magani da gaggawa. A waɗansu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin domin wurin wasan yara 400 ne. Yaran da suka rasu a wannan annoba ba su kasa 400 ba. Waɗanda suka rayu kuwa, da dama an bar su da makanta ko shanyewar gaɓoɓi ko raunin fahimta wanda babu maganinsa.

A nan likitoci suka ci karo da wani darasi mai ɗaci. Akwai magani da ake ba yaro ya sha, wanda kan kama dalmar cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma in aka gama aka mai da yaron gidan da ƙasarsa ke cike da guba, aikin ya zama ɗiban ruwa da kwando. Dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida da kowane lungu, an kwashe an binne a wuri mai tsaro, an zubo sabuwar ƙasa, sa'an nan magani ya yi amfani. Aka yi haka a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, da taimakon sarakuna da hakimai waɗanda suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya har farkon 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kururuwa, kuma duk tsawon wannan jira likita na kallon yara ba ya iya fara magani. Daga 2010 zuwa ƙarshen 2021 ƙungiyar ta auna yara 8,480, ta ba fiye da 3,500 wannan magani, kafin ta miƙa aikin ga hukumomin Jihar Zamfara a 2022.

Da an ce daga nan an yi hankali, da mun gode Allah. Amma a 2015 irin wannan guba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, zinariyar Jado da ta fito a 2014 ta ja dubban samari cikin hamada inda ruwan sha ma saye ake yi, kuma a watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a ƙasar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi ya kashe mutum 18 ko fiye. A watan Yuni na 2024 wani ramin ya rufta da mutane a Galkogo ta ƙasar Shiroro. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage haramcin a watan Disamba na 2024. Sai dai duk wanda ya san halin talaka ya san cewa doka ba ta hana mai yunwa shiga rami, iyaka ta sa ya ɓoye. Wanda ya ɓoye kuwa ba zai kawo ɗansa asibiti ya ce ga sana'ar da yake yi ba, da haka haramci kan ƙara nesanta likita da maras lafiya.

Mu dawo gida tudu. Tun da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985 manyan kamfanoni suka watse, suka bar mana ɗaruruwan tafkuna masu zurfi waɗanda ke cin yara da dabbobi, da tsibin ƙasar da aka tace, wadda masana suka nuna tana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa, amma jama'a na ɗiba suna yin gini da ita. Haƙa kuwa ba ta tsaya ba, ta koma hannun 'yan loto, samari masu sauka rami mai zurfi da igiya, mata da yara na wanki a bakin ruwa. A ƙasar Wase ana haƙar dalma ita kanta. Saboda haka abin da ya sami Dareta ba labarin wata duniya ba ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana daga Jos shi ne, babu garin da ya fi cancanta ya ɗinke wannan ɓaraka. A nan aka ajiye hedkwatar Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya lokacin da aka kafa ta a 1972. A nan akwai cibiyar nazarin sarrafa ƙarafa da makarantar koyon aikin ma'adinai. A nan kuma akwai Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta, ga ɗakunan bincike na Vom. Masanin dutse yana wannan unguwa, masanin jini yana waccan, amma ba safai suke zama tabarma ɗaya ba. Da an auna dutsen Zamfara tun ranar da aka fara niƙa shi, da an san akwai dalma a ciki kafin yaro na farko ya yi jijjiga, kuma awon ba wani abu ne mai wuya ba, akwai na'urar hannu da ke nuna haka cikin minti kaɗan.

Shawararmu ga hukuma ita ce, duk inda aka ji sabon rami ya tara jama'a, ma'aikacin lafiya da mai awon dutse su isa tare da ɗan sanda da mai karɓar haraji, ba bayansu ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta yarda ƙananan masu haƙa su haɗa kai cikin ƙungiyoyin gama kai su yi rajista, to a sauƙaƙa wannan rajista, domin wanda hukuma ta san sunansa shi ake iya koya wa aiki. A ajiye na'urar auna dalma cikin jini da maganinta a manyan asibitocin da ke kusa da wuraren haƙa, kada a jira sai baƙi sun kawo daga ƙetare. A koya wa ɗaliban likita da malaman asibiti su riƙa tambayar uwar yaro mai jijjiga wace sana'a ake yi a gidansu, domin wannan tambaya guda tana iya raba zazzaɓi da guba. Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar Minamata ta 2013 game da rage amfani da zaiba, to a nuna wa masu ƙona zaiba a fili illar hayaƙin da suke shaƙa, a kuma nuna musu hanyar da ta fi.

Ga masu haƙa kuwa, 'yan'uwa, ba mu ce ku bar neman halalinku ba. Amma kada a kawo dutse cikin gida, kada a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, kada a daka shi a turmin abinci. A riƙa jiƙa shi da ruwa lokacin niƙa, domin an gwada an ga haka na rage ƙura ƙwarai da gaske. In an tashi aiki a yi wanka a can, a sake tufafi, a bar na aiki a wurin aiki, kafin a dawo a ɗauki yaro. Mace mai ciki da ƙananan yara su nisanci wurin niƙa. Masu unguwanni da limamai da fastoci su sa baki, domin maganarsu ta fi ta takardar gwamnati shiga kunne. Riga-kafi ya fi magani, kuma a sha'anin dalma ma riga-kafin ne kaɗai ke ceton ƙwaƙwalwar yaro, tun da abin da ta lalata ba ya dawowa.

Likitan da ya bi ayarin Kalifoniya a 1849 yana da uzuri, bai san abin da ke kashe mutanensa ba. Likitan ciwon barci na 1935 ya san cutar, amma da ƙafa da doki yake bin ta. Mu kuwa mun san cutar, mun san dalilinta, muna da magani, muna da mota da waya. In aka sake binne yara ɗari huɗu a wani ƙauye kafin likita ya iso, babu abin da za mu faɗa wa iyayensu, babu kuma abin da za mu faɗa ranar da za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa arzikin da Ya binne mana cikin ƙasa ya zama alheri gare mu da 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.